Ɓacewar Faskila a Jiragen Sama Masu Dogon Zango

1.0 Gabatarwa

A watan Oktoba na shekarar 2022, kamfanin jiragen sama na American Airlines da ke Amurka ya tabbatar da cewa zai soke ajin farko, wato faskila, daga jiragensa masu zuwa ƙasashe masu nisa. Hujjar da ya bayar ita ce fasinjoji ba sa sayen kujerun. Labarin ya ba mutane da dama mamaki, amma ga matafiyin Kano ba baƙon abu ba ne, domin kamfanin KLM, wanda ya daɗe yana jigila tsakanin Kano da Amsterdam, ya riga ya yi haka tun cikin shekarun 1990. Wannan babi zai yi bayanin ma'anar faskila da asalinta, da dalilan da suka sa kamfanoni ke soke ta, da kuma abin da hakan ke nufi ga matafiyan birnin Kano.

2.0 Ma'anar Faskila da Asalin Kalmar

Bambanci tsakanin matafiya tsohon abu ne a ƙasar Hausa. A zamanin da fatake ke tashi daga kasuwar Kurmi zuwa Gwanja sayen goro, madugu yana bisa doki, 'yan alaro kuwa suna tafe a ƙasa da kaya a ka. Sai dai wannan bambanci na muƙami ne, ba a sayen sa da tikiti. Sayar da wurin zama daraja-daraja ya zo ne tare da jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a shekarar 1911. Taragun fasinja sun kasu aji uku, kowane da kuɗinsa.

Daga nan ne Bahaushe ya aro kalmomin faskila da sikinkila daga Ingilishi, don ajin farko da aji na biyu. Ya yi musu kwaskwarimar da ya saba yi wa kalmomin aro: ya saka wasali tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe, ya kuma yar da baƙin ƙarshe. Saboda haka faskila na nufin sashen da ya fi kowane tsada da sarari da hidima a cikin abin hawa. A jirgin sama akan ware mata gaban jirgi, bayanta sai ajin 'yan kasuwa, sannan ajin gama-gari inda mafi yawan fasinjoji ke zama.

3.0 Kano da Jirgin Sama

Kano ce garin da jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya. A watan Nuwamba na 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa da ke bayan ganuwa. A 1936 aka fara jigilar kasuwanci a Kano, kuma filin jirginta, wanda daga baya aka sa wa sunan Malam Aminu Kano, ya zama mafi daɗewa a ƙasar. Jiragen wancan zamani ba sa iya dogon zango ba tare da shan mai ba, don haka Kano ta zama zango ga masu tafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka. KLM ya fara sauka a Kano a 1947, bai daina ba sai a 2012.

Attajiran Kano ma ba su tsaya kallo ba. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda sunanta ya zauna wa kasuwar 'yan canji ta Wapa da ke Fagge. A 1980 kuma Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air. Wannan tarihi ya nuna cewa fatauci da aikin Hajji su ne ginshiƙan tafiyar jirgin sama a Kano.

4.0 Yadda Azuzuwa Suka Samu

Da farko aji ɗaya ne a jirgin sama, kuma mai tsada ne ƙwarai. A 1952 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta amince da aji mai rahusa a kan hanyar Turai zuwa Amurka, a 1958 kuma aka fito da wanda ya fi shi araha. Zuwan jirgin Boeing 747 a 1970, mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, ya ƙara buɗe ƙofa ga masu ƙaramin ƙarfi. Wajen ƙarshen shekarun 1970 sai aka ƙirƙiro aji na tsakiya domin ma'aikatan kamfanoni masu yawan tafiya, wanda Qantas na Ostareliya yana cikin na farkon da suka buɗe shi a 1979. Wannan sabon aji shi ne ɗan hakin da ka raina, domin shi ya zo ya tsone wa faskila ido.

5.0 Dalilan Soke Faskila

5.1 Kamar da wane ta zama wane. Abin da mai dogon zango ya fi buƙata shi ne barci. A da, faskila kaɗai ke ba da kujerar da ake miƙe ƙafa sosai. A shekarar 2000 British Airways ya saka kujera mai komawa gado a ajin 'yan kasuwa, sauran kamfanoni suka bi sahu. A 2017 Qatar Airways ya ƙara da kujera mai ƙofar da ake rufewa. Da ajin 'yan kasuwa ya samu gado da sirri, sai abin da ya rage wa faskila ya zama ƙarin abinci da hidima, alhali kuɗinta ya ɗara nesa ba kusa ba.

5.2 Lissafin fili. Abin da kamfanin jirgi ke sayarwa a zahiri fili ne, kamar yadda ake hayar rumfa a kasuwa. A jirgin Boeing 777, layi ɗaya na ajin gama-gari kan ɗauki kujeru 10, kuma tazarar layi da layi kamar inci 31 ce. Layin faskila kuwa kujeru 4 ne, kowace tana buƙatar tsawon gado, wajen inci 78. Idan aka lissafa, kujerar faskila ɗaya ta cinye wurin mutum kamar shida. Ke nan in ba a sayar da ita da kuɗin da ya kai na mutum shida ba, kamfani ya yi asara. In kuwa jirgi ya tashi da ita ba kowa, asarar ba ta mayuwa, domin kujerar jirgi kamar ɗanyen tumatir ce, ba a ajiye ta zuwa gobe.

5.3 Masu biya sun ragu. Yawancin tikitin manyan azuzuwa ma'aikatu da kamfanoni ne ke biya, kuma da yawansu sun hana ma'aikatansu faskila. A Nijeriya, gwamnatin tarayya ta hana jami'anta tafiya a faskila da kuɗin gwamnati a 2016. Manyan attajirai kuwa da dama sun koma ga jiragen kansu ko na shata. Saboda haka kujerun kan ƙare a hannun waɗanda aka ɗaga musu daraja kyauta ko da makin yawan tafiya.

5.4 Ajin tsaka-tsaki. A 1992 Virgin Atlantic da EVA Air suka fito da aji tsakanin na 'yan kasuwa da na gama-gari. Kujerarsa ta ɗan fi faɗi, ba ta cin fili da yawa, kuma ana sayen ta sosai. Kamfanoni sun ga cewa filin faskila ya fi riba idan aka raba shi ga waɗannan azuzuwa biyu.

Duk da haka, faskila ba ta ƙare ɗungum ba. Kamfanoni irin su Emirates da Singapore Airlines da Lufthansa da Air France sun riƙe ta a wasu hanyoyi inda masu saye suke, kuma tana ɗaga sunan kamfani.

6.0 Matafiyin Kano

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na Kurmi da ke zuwa Dubai ko Guangzhou ko Istanbul sari, abin da ya fi tambaya shi ne kuɗin tikiti da nauyin kayan da za a bar shi ya ɗauka. Maniyyaci kuwa "kujera" kawai yake nema, shi ya sa Bahaushe ke cewa wane ya biya kujerar Makka. Manyan jiragen Boeing 747 da Kabo Air da Max Air suka yi jigilar alhazai da su, amfaninsu shi ne yawan mutanen da suke kwashewa a sawu ɗaya. Kamfanin jiragen Habasha, wanda Kanawa suka sani sosai, azuzuwa biyu ne a jiragensa, babba daga ciki shi ne Cloud Nine. Kasuwa irin ta Kano ba ta iya ciyar da faskila.

Sai dai soke faskila bai zama sauƙi ga talaka ba. Filin da aka karɓe yakan koma ga ajin 'yan kasuwa da na tsaka-tsaki ne. A ajin gama-gari ma matsi ya ƙaru: kamfanoni da yawa sun mayar da layin Boeing 777 daga kujeru 9 zuwa 10. Abin da ya sauya shi ne suna da tsarin rabon fili, bambancin mai shi da marar shi yana nan daram.

7.0 Kammalawa

An ga cewa faskila ta zo ƙasar Hausa ta jirgin ƙasa, ta bunƙasa a jirgin sama, sannan ajin 'yan kasuwa ya ƙwace mata masu saye bayan ya samu gado. Lissafin fili da raguwar masu biya su suka ƙarasa ta a kamfanoni da dama. Ga malamin Hausa, darasin ya shafi harshe ma: kalmar aro takan rayu ne muddin abin da take nufi yana raye a hannun jama'a. Yaran yau kaɗan ne suka san sikinkila, kuma faskila na bin sawunta in ba a koyar da ita ba.

8.0 Jinga

1. Bayyana yadda Hausa ta sarrafa kalmomin faskila da sikinkila, tare da kawo wasu kalmomin aro guda biyar da suka shafi sufuri.
2. Kawo dalilai uku da suka sa kamfanonin jiragen sama ke soke faskila.
3. Tsara darasin minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a kan tarihin jirgin sama a Kano.