'Kada Ku Gaya Mata': Fim ɗin da ya tono al'adar ɓoye wa majinyaci cutarsa

A shekarar 2013 likitoci a birnin Changchun da ke arewa maso gabashin ƙasar Sin suka gano wata dattijuwa na ɗauke da ciwon dajin huhu da ya kai mataki na huɗu, suka ce da wuya ta wuce wata uku a duniya. Ƙanwarta suka kira suka shaida wa. Ita kuwa ƙanwar ta koma wurin yayarta da fara'a, ta ce sakamako ya yi kyau, babu abin damuwa. Daga nan dangi suka yanke shawarar babu wanda zai gaya mata. To amma 'ya'yanta maza biyu suna zaune a ƙasashen waje, ɗaya a Amurka, ɗaya a Japan, kuma kowa yana son ya zo ya gan ta kafin ta cika. Ta yaya za a taru ba tare da ta gane ba? Sai aka gaggauta bikin auren wani jikanta, aka ce biki ne ya tara mutane.

Jikarta Lulu Wang, wadda iyayenta suka tafi da ita Amurka tana 'yar shekara shida, tana cikin waɗanda suka halarci wannan biki, kuma abin ya tsaya mata a rai. Shekara shida bayan haka ta fitar da fim a kan labarin mai suna The Farewell, wato bankwana. A ƙasar Sin an sa masa suna da Sinanci mai ma'anar "Kada ku gaya mata". Fim ne na barkwanci da ban tausayi, wanda ba wani babban kamfani ne ya ɗauki nauyinsa ba, kuma yadda aka karɓe shi a Amurka ya sha bamban ƙwarai da yadda aka karɓe shi a ƙasar da aka ɗauke shi. Wannan bambancin ne ya sa muka kawo shi shafinmu na wannan mako.

Tun farko ma da ƙyar aka yi fim ɗin. Wang ta sha faɗa cewa masu zuba jari na Amurka sun ce labarin ya cika Sinanci, na ƙasar Sin kuma suka ce ya cika Amurkanci, har aka nemi ta saka wani Bature a ciki don ya ja 'yan kallo. Da ta ga ba ta samu shiga ba, sai ta ba da labarin da bakinta a shirin rediyon nan na This American Life a 2016. Wani furodusa, Chris Weitz, ya ji, ya neme ta. Da kimanin Dala miliyan 3 aka haɗa fim ɗin, kuɗin da a Hollywood ba su kai ladan babban jarumi ɗaya ba.

Jaruma Awkwafina, wadda aka fi sani da waƙa da barkwanci, ita ta fito a matsayin jikar, mai suna Billi. Zhao Shuzhen ta fito a matsayin kakar, wadda ake kira Nai Nai, wato kaka ta wajen uba. Ƙanwar kakar kuwa ba a nemo wata jaruma ba: matar da ta yi ƙaryar a zahiri, Lu Hong, ita ta taka rawar kanta.

Wanda ya taɓa zama a gidan biki zai gane kusan komai a ciki. Kaka tana ta kai da kawo, tana faɗa da masu abinci kan sun canja abin da ta ce a dafa, tana tura wa jikarta loma a baki tana cewa ta rame, tana yi mata zancen miji. Kowa a gidan fuska a murtuke, ita kaɗai ke murna. Akwai inda aka je ziyarar kabarin mijinta aka ɓuge da gardamar ko a ajiye masa taba, tunda ya daina sha kafin ya rasu. Akwai kuma inda babban ɗanta ya tashi yin jawabin biki, ya fashe da kuka a gaban jama'a, baƙi suka ɗauka daɗi ne ya yi masa yawa.

An fara nuna fim ɗin a bikin fina-finai na Sundance a watan Janairun 2019, kamfanin A24 ya saye shi. Ranar 12 ga Yulin wannan shekara aka buɗe shi a gidajen sinima huɗu kacal, amma a ƙarshen makon farko kowane gida ya tara sama da Dala dubu 88, abin da ya zarce matsakaicin da katafaren fim ɗin Avengers: Endgame ya samu a kowane gida a makonsa na farko. Daga ƙarshe ya tara kimanin Dala miliyan 23 a duniya. A shafin Rotten Tomatoes mai tattara ra'ayoyin masu sharhi, fiye da kashi 95 cikin 100 sun yaba masa. Cibiyar Fina-finai ta Amurka ta sa shi cikin goma mafi kyau na shekarar, tsohon Shugaba Barack Obama ma ya lissafa shi cikin waɗanda suka burge shi.

A Janairun 2020 Awkwafina ta lashe lambar yabo ta Golden Globe, ta zama mace ta farko 'yar asalin Asiya da ta samu ta babbar jarumar fim a ɓangaren barkwanci. Wata guda bayan nan fim ɗin ya zo na ɗaya a gasar Independent Spirit, Zhao Shuzhen kuma ta doke Jennifer Lopez a rukunin mataimakiyar jaruma, sai dai annobar korona ta hana ta zuwa karɓa. Masu Oscar kuwa ko sunansa ba su ambata ba, abin da ya jawo surutu sosai. Wani abin da ya ƙara hura wutar shi ne yadda masu Golden Globe suka jefa shi rukunin fina-finan harshen waje don yawancin maganar cikinsa Sinanci ce, alhali Ba'amurkiya ce ta yi shi. A daidai wannan kakar ce masu Oscar suka cire fim ɗin Lionheart na Genevieve Nnaji daga rukunin ƙasashen waje, wai Turancinsa ya yi yawa. Mai harshe biyu dai bai san inda zai tsaya ba.

Da aka kai fim ɗin ƙasar Sin a Janairun 2020, bayan an ɗage ranar fitarsa, kasuwa ta ƙi. Abin da ya tara a can bai kai Dala miliyan ɗaya ba, a ƙasar da fim kan tara ɗaruruwan miliyoyi. Wasu 'yan kallo sun ce an nuna ƙasarsu da idon baƙo, wasu suka soki Sinancin jarumar. Amma a ganina babban dalilin bai wuce wannan ba: abin da ya girgiza Ba'amurke, wato a ɓoye wa mutum cewa yana bakin mutuwa, shi ne abin da Basine ya saba gani a gidansu da gidan maƙwabta. Ba ya ganin dalilin sayen tikiti don a ba shi labarin.

Mu ma da za a nuna shi a Legas ko Abuja ko Sabon Ibadan, ina jin sahun Sinawa za mu bi. Duk ma'aikacin asibiti ya san wannan yanayi: babban ɗa ya ja likita gefe, ya ce, "Likita, don Allah kada Baba ya ji." A koma ɗaki a ce wa tsoho olsa ce, ko basir, ko hawan jini ne ya ɗan motsa. Waɗanda ke neman abinci nesa da gida kuma sun san kiran wayar nan na "in ka samu hali ka leƙo, Inna tana cigiyarka", wanda ba a faɗin abin da ke bayansa.

Abin da ya sa fim ɗin ya fi ƙarfin a kira shi wasan dariya shi ne bai mai da dangin jahilai ba. Mahaifiyar Billi ta gaya mata abin da mutanensu suka yarda da shi, cewa tsoro kan riga cutar kashe mutum. Baffanta ya ce mata son gaya wa kaka gaskiya son kai ne, don tana neman sauke nauyin daga kanta ne ta ɗora wa tsohuwa, alhali ɗaukar wannan nauyi aikin dangi ne. Har ma aka sanar da ita cewa kakar da kanta haka ta yi wa mijinta lokacin jinyarsa, sai dab da ƙarshe ta gaya masa. Billi ba ta samu amsar da za ta ba su ba, ƙarshe ma ita ce ta ruga da takardar sakamakon asibiti aka canja abin da ke ciki kafin kakar ta gani.

Ya kamata a sani cewa su kansu Amurkawa ba da daɗewa suka bar wannan ɗabi'a ba. Wani bincike da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta wallafa a 1961 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na likitocin da aka tambaya sun fi son kada su gaya wa mai ciwon daji cutarsa. Da aka maimaita tambayar, sakamakon da aka wallafa a 1979 ya nuna kashi 97 sun ce gara a faɗa. A Japan, Sarki Hirohito ya rasu a 1989 ba tare da an sanar da shi cewa daji ne ke cin sa ba.

Inda nake da ja da fim ɗin shi ne ƙarshensa. Bayan an gama sa mutum hawaye, sai aka nuno kakar ta gaske tana motsa jiki, aka rubuta cewa shekara shida bayan gano cutar tana nan da ranta. 'Yan kallo da dama sun fita da fahimtar cewa ƙaryar ce ta raya ta. Babu abin da ya tabbatar da haka. Hasashen likita kan sauran kwanakin mutum kirdado ne, yakan yi daidai yakan kuskure, kuma labarin mutum ɗaya ba hujja ba ce. Akwai ma binciken da ya karkata ɗaya ɓangaren. A wani bincike da aka wallafa a 2010, likitoci a wani babban asibiti na Boston sun bibiyi mutum 151 masu dajin huhu da ya bazu. Waɗanda aka haɗa su da masu kula da rage raɗaɗi tun da wuri, ana zama da su ana tattauna halin da suke ciki, sun fi samun natsuwa, baƙin cikinsu ya fi sauƙi, kuma a matsakaici sun rayu wata 11.6, sauran kuwa wata 8.9.

Sannan akwai abin da fim ɗin ya taɓa sama-sama, wanda a wurinmu shi ne babba. Billi ta tambaya: in kaka tana da abin da take son kammalawa fa? Dattijon da aka ce masa olsa ce ba zai kira wanda yake binsa bashi ba. Ba zai faɗi inda ajiyar marayu take ba, ko iyakar gonar da shi kaɗai ya sani. Ba zai yi wasiyya ba, ba zai aika a kira ɗan'uwan da suka yi shekara goma ba sa magana ba. Yana iya daina shan magani da zarar ya ji sauƙi, tunda a saninsa ciwon ƙarami ne. Rigingimun gado da yawa daga irin wannan shirun suke farawa. Kuma sau da yawa majinyacin ya riga ya gane. Wanda gashinsa ke zuba bayan kowane ƙarin ruwa, yana ganin ana raɗa a bakin ƙofa, ba yaro ba ne. Sai ya zama shi ma yana ɓoye musu cewa ya sani, kowa yana kukansa shi kaɗai.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya a Najeriya ya sanar da majinyaci halin da lafiyarsa ke ciki, sai fa in akwai ƙwaƙƙwarar hujjar cewa sanarwar za ta cutar da shi. Wato hukuncin ba na babban ɗa ba ne shi kaɗai. Hanyar da ake koya wa likitoci yanzu kuma ba ta ce a faɗa wa mutum magana gatsau ba. Ana fara tambayarsa me ya fahimta game da ciwonsa, da kuma iya abin da yake son ya ji. Wani zai ce a gaya masa komai. Wata za ta ce, "Ku yi magana da ɗana, ni dai ku ba ni magani," kuma wannan ma haƙƙinta ne, muddin ita ta zaɓa. Iyali na iya roƙon likita ya yi wannan tambayar a gabansu, a zaune, ba a tsaye a baranda ba.

Ita kakar Lulu Wang ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba. A unguwarsu aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin, takan leƙa wurin aikin tana alfahari da jikarta, an ce mata labarin biki ne da haɗuwar dangi. Ko sunan fim ɗin ba a gaya mata ba. Sai a farkon 2020 Wang ta bayyana cewa asiri ya tonu: wata tsohuwar ƙawar kakar ta ci karo da sharhin fim ɗin da Sinanci, daɗi ya kama ta, ta tura mata. A cikin sharhin aka rubuta komai, har da sunan cutar da shekarar da aka gano ta. A cewar Wang, kakar ta dubi ƙanwarta ta ce da tana yi mata kallon mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, tunda ta yi fim har ta je Amurka bikinsa amma ta kasa faɗin ko sunansa, ashe gwanar riƙe sirri ce.