Yadda Aka Fara Auna Hanya da Gargare: Taswirar John Ogilby ta 1675

A Ingila ta ƙarni na 17, idan matafiyi ya tambayi nisan da ke tsakanin Landan da birnin York, amsar da zai samu a bakin kowa ita ce mil 150. Haka aka gada, haka kuma aka rubuta a littattafan lokacin. Amma da aka bi hanyar aka auna ta, sai aka tarar ta haura mil 190. Wannan bambanci na fiye da mil 40 ba ƙaramin abu ba ne ga mai tafiya bisa doki, domin ya kai tafiyar yini guda cur, kuma a zamanin da mil ake lissafin kuɗin hayar dawakin ɗaukar wasiƙu. Dalilin wannan saɓani shi ne, mil ɗin da jama'a ke ƙirgawa da shi ya fi na hukuma tsawo, kuma tsawonsa ya bambanta daga wannan lardi zuwa wancan, sannan galibin hanyoyin ba a taɓa auna su ba, kintace kawai ake yi.

Kafin wannan lokaci an riga an fara buga abubuwan da za su taimaki matafiya a Turai. Wajen shekarar 1500 wani maƙerin kamfas na birnin Nuremberg a ƙasar Jamus, mai suna Erhard Etzlaub, ya buga taswirar hanyoyin zuwa birnin Rum domin Kiristoci masu ziyarar ibada. Ya sa kudu a sama, tun da can matafiyin ya dosa, ya kuma zana hanyoyin da ɗige-ɗige, kowane ɗigo a matsayin mil ɗaya na Jamus, wato kimanin kilomita 7.4. Sai mutum ya ƙirga ɗigon ya san abin da ya rage masa. A 1552 kuma Charles Estienne ya buga wani ɗan littafi a Paris wanda ya jera zangunan hanyoyin Faransa, da wuraren cin abinci da na kwana, da inda hanya ta lalace ko ake tsoron 'yan fashi. Wannan littafi jerin sunaye ne da nisa, ba zane ba. A Ingila kuwa, kyawawan taswirorin larduna da Christopher Saxton ya fitar a 1579 sun nuna koguna da tuddai da garuruwa, amma ko hanya ɗaya ba su nuna ba.

Wanda ya cike wannan giɓi mutum ne da ba wanda zai zaci haka daga gare shi. An haifi John Ogilby a Sikotilan a 1600. Ya fara rayuwa a matsayin mai koyar da rawa, daga baya ya koma fassara da buga littattafai. Babbar gobarar Landan ta 1666 ta cinye masa kaya, amma ita ce kuma ta jefa shi cikin aikin safiyo, domin yana cikin waɗanda aka ɗora wa aikin auna filayen da suka ƙone. Yana da shekara 75 a duniya, a 1675, ya fitar da littafinsa mai suna Britannia da goyon bayan Sarki Charles na Biyu. Shekara ɗaya bayan haka ya mutu.

Na'urar da ma'aikatansa suka yi amfani da ita ba ta da wuyar fahimta. Gargare ce babba mai mariƙi, mutum yana tura ta a gabansa yana tafiya a ƙasa. A jikinta akwai 'yan ƙarafa masu haƙora da ke juya wata allura bisa fuska irin ta agogo. Duk lokacin da gargaren ta yi juyi ɗaya cikakke, ta ci ƙasa daidai da tsawon da'irarta. Alal misali, idan da'irar mita 2 ce, to juyi 500 ya zama kilomita ɗaya. Ɗalibi na iya gwada wannan da ƙafar keke: ya auna da'irarta da zare, ya yi mata alama da alli, sannan ya ƙirga juyin daga ƙofar aji zuwa ƙofar makaranta. Wannan ƙa'ida ce dai agogon mota yake bi wajen ƙirga kilomita. A bayan mai tura gargaren akwai wani bisa doki riƙe da kamfas da littafi, yana rubuta duk inda hanya ta karkata da duk abin da aka wuce.

Akwai wani abin lura a nan. Gargare tana bin fuskar ƙasa ne, ta hau tudu ta gangara kwari, saboda haka adadin da take bayarwa ya fi nisan da ke tsakanin wurare biyu in da ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Ga mai zana taswirar ƙasa baki ɗaya wannan aibi ne da sai an gyara. Ga matafiyi kuwa shi ne ainihin abin da yake bukata, domin dokinsa ma sai ya hau tudun nan ya sauka.

Da wannan hanya aka auna kimanin mil 7,500 na manyan hanyoyin Ingila da Wales, aka sassaƙa su a kan faranti 100 na jan ƙarfe, aka buga. Ogilby ya tsaya a kan mil na hukuma, wanda dokar 1593 ta zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ƙayyade, wato yadi 1,760 ko mita 1,609. Ya kuma sa inci ɗaya a takarda ya wakilci mil ɗaya a ƙasa. Da yake inci 63,360 ne ke cikin mil, duk abin da ke kan takardar an rage shi sau 63,360 ke nan. Wannan sikeli ya samu karɓuwa ƙwarai, har hukumar safiyo ta Birtaniya ta yi amfani da shi a taswirarta ta farko, ta lardin Kent, a 1801.

Matsalar da ta rage ita ce yadda za a shigar da hanya mai mil ɗaruruwa cikin shafin littafi ba tare da an ƙanƙance ta ba. Sai Ogilby ya yanyanka hanyar gunduwa-gunduwa, ya jera ta cikin siraran ƙyallaye shida ko bakwai a kowane shafi, kamar ƙyallayen saƙi kafin a haɗa su zane. Mai karatu yakan fara daga ƙasan ƙyalle na hagu ya bi shi zuwa sama, sannan ya sauko ƙasan na kusa da shi ya ci gaba. Ta haka abin da ke dama a takarda shi ne abin da matafiyi zai gani a damarsa. Tun da an tilasta wa hanya ta miƙe cikin ƙyalle, sai aka zana alamar kamfas a kowanne, tana juyawa gwargwadon yadda hanyar ta sauya alƙibla. An sa lamba a kowane mil, da ɗigo a kowane kashi ɗaya cikin takwas na mil. Hanyar da ke da shinge an zana ta da layi miƙaƙƙe, wadda ta ratsa fili kuwa da ɗige-ɗige. Tudun da za a hau an zana shi a tsaye, wanda za a gangara an kifa shi. An nuna gadoji, sau da yawa har da bayanin ko na dutse ne ko na katako, da majami'u, da injinan niƙa masu aiki da iska, har da wuraren rataye masu laifi, saboda su ma alama ce da ake gane hanya da ita. Masu nazarin tsirrai da dabbobi a daji suna yin aiki mai kama da wannan, inda sukan ja igiya doguwa su rubuta duk abin da suka tarar a gefenta da nisansa daga mafari.

Irin wannan taswira tana da iyakarta. Ba ta san komai ba sai hanyarta. Wanda ya kauce mil biyu ko uku ya fita daga cikin ƙyalle, kuma ba abin da zai nuna masa yadda wannan hanya take da waccan, sai dai sunayen garuruwa da aka rubuta a bakin mararraba. Bugu da ƙari, littafin kansa ƙato ne mai nauyi da tsada, ya fi dacewa da teburin attajiri bisa ga jakar mahayi. Sai bayan fiye da shekara 40 aka magance wannan. A 1719 John Senex da Thomas Gardner kowannensu ya fitar da ƙaramin bugu, a 1720 kuma Emanuel Bowen da John Owen suka fitar da Britannia Depicta, wanda aka yi ta sake bugawa shekaru da dama. Dukkansu awon Ogilby suka ɗauka suka rage girman shafi yadda zai shiga aljihun riga.