Ƙashi na da saƙo a cikin jini: alaƙarsa da kumburin jiki



Yau za mu yi bayani a kan ƙashi. Da yawanmu mun ɗauka ƙashi busasshen abu ne kamar azara, ya riƙe jiki kawai. A'a, rayayye ne. Baligi na da ƙasusuwa 206, kuma kullum ana rushe tsohon ƙashi ana gina sabo, har a cikin kusan shekara 10 jiki ya sabunta su. Ƙashi kuma yana sakin sinadaran aike, waɗanda likitoci ke kira homon, su bi jini su kai saƙo ga sauran sassan jiki.

*Na farko, ostiyokalsin.* A shekarar 2007 Farfesa Gerard Karsenty na Jami'ar Kolombiya a Amurka da abokan aikinsa suka nuna cewa ɓerayen da ba su da wannan sinadari sun tara kitse, sukarinsu ya hau. A mutane ma, ana yawan samunsa ya yi ƙasa a jikin masu ciwon suga da masu ƙiba, su ne kuma alamun kumburi ke yawa a jininsu.

*Na biyu, FGF23.* Aikinsa ya umarci ƙoda ta zubar da rarar sinadarin fosfet ta fitsari. Kumburi da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini suna sa ya hau. In ya yi yawa, sai ya rage bitamin D mai aiki, wanda da shi hanji ke tsotsar kalsiyam. A jikin masu ciwon ƙoda yana hawa sosai, har ana danganta shi da faɗaɗar zuciya.

Kumburin da muke nufi ba na targaɗe ko ƙurji ba ne, na cikin jiki ne, wanda ke daɗewa shiru. Shi ke zuga ƙwayoyin da ke rushe ƙashi su fi masu gini aiki. Shi ya sa mai amosanin gaɓɓai ƙashinsa ke yin taushi.

To ga inda gizo ke saƙar. Mutum gwiwa na ciwo, ya je kemis a ba shi dezametason ko firedinisolon, ko mace ta sha "sha ka fashe" don ta yi jiki. Waɗannan suna kwantar da kumburi nan take, amma in aka daɗe ana sha suna danne ƙwayoyin gina ƙashi, ostiyokalsin ya faɗi, suga ya hau, ƙashi ya riƙa karyewa da ƙaramar faɗuwa. Wasu marasa tsoron Allah har a garin maganin gargajiya suke dakawa. Duk maganin sanyin ƙashin da ya kumbura maka fuska, ya buɗe maka ciki da cin abinci, ka yi hattara da shi. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya daina farat ɗaya, akwai haɗari. Likita ne zai rage masa a hankali.

*Abin yi a gida:*
• Tafiya a ƙafa kullum, ko da zuwa masallaci da kasuwa ne. Ƙashi sai ya ɗauki nauyi yake ƙarfi.
• Nono, riɗi, miyar kuka, zogale da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, saboda kalsiyam.
• Shan hantsi, musamman ga matan da ba sa yawan fita.
• Rage lemon kwalba da sukari, a bar taba.
• Mai ciwon ƙoda kada ya sha wani jiƙo ko kanwa sai ya tambayi likitansa.

In gaɓɓai suna kumbura, suna sandarewa da safe, har ya wuce mako 6, a je asibiti a gwada jini.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa.