"Kai" da "Wuce": Bayyana Rashin Daidaito a Layin Lambobi da Harshen Hausa

Gabatarwa

A shekarar 2022 Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta amince da manufar koyar da yara da harshen uwa a matakin firamare, lamarin da ya sake tayar da tambaya kan ko Hausa za ta iya ɗaukar nauyin darasin lissafi. Wannan muƙala ta duba darasi guda, wato zana rashin daidaito a layin lambobi, domin nuna cewa aikatau biyu, "kai" da "wuce", tare da korewarsu, sun wadatar wajen fassara alamomin nan huɗu.

Alamomi da Ma'anarsu

Alamomin < da > sun fara bayyana ne a littafin Thomas Harriot na Ingila, wanda aka buga a 1631. A Hausa, x > 5 na nufin x ya wuce 5, x ≤ 5 kuwa bai wuce 5 ba. Haka nan x ≥ 5 na nufin ya kai 5, x < 5 kuma bai kai 5 ba.

Yadda Ake Zanawa

A ɗauki masu jefa ƙuri'a a Badarawa, cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa. Tsarin mulkin 1999 ya ba wanda ya kai shekara 18 damar yin zaɓe, wato x ≥ 18. Sai a ja layi, a sa cikakken ɗigo a kan 18, a miƙa kibiya zuwa dama. Cikon ɗigon shi ke nuna ɗan shekara 18 yana ciki. Waɗanda ba su kai ba, x < 18, ɗigonsu buɗaɗɗe ne, kibiyarsu ta nufi hagu. Malamin da ya ce "wanda ya fi 18" ya cire 'yan shekara 18 daga rajista ba tare da ya sani ba.

Idan aka ba da 2x + 3 < 11, a cire 3 daga kowane ɓangare, a raba da 2, a samu x < 4. Amma rabawa da lambar da ke ƙasa da sifili tana juya alamar: −2x < 6 ya koma x > −3.

Kammalawa

Ya kamata masu tsara keɓaɓɓun kalmomi su fara duba irin wannan tanadi na nahawun Hausa kafin su nemi aro daga Ingilishi.