Yadda Masana Ke Auna Amfanin Jinyar Da Ba A Cika Yi Ba

Jinya mai tsada ko haɗari majinyata ƙalilan ake yi wa, kuma galibi waɗanda jikinsu ya fi tsananta. Idan aka kwatanta su kai tsaye da sauran majinyata, ana iya ɗora wa jinyar laifin mace-macen da cutar ce ta jawo.

A shekarar 1983, masana ƙididdiga Paul Rosenbaum da Donald Rubin suka fito da wata dabara. Ana lissafa yiwuwar a yi wa kowane majinyaci jinyar, bisa la'akari da shekarunsa da tsananin ciwonsa, sannan a gwada wanda aka yi wa da takwaransa da ba a yi wa ba.

An yi amfani da dabarar a Birtaniya bayan annobar murar H1N1 ta 2009, kan majinyata 80 da aka tura jinya da na'urar ECMO, mai sanya iskar oksijin cikin jini a wajen jiki. Binciken da mujallar JAMA ta wallafa a 2011 ya nuna mace-mace a cikinsu kusan rabin na takwarorinsu ne.

Sai dai lissafin bai iya gyara abin da ba a rubuta a fayil ɗin majinyaci ba. Shi ya sa masana ke ɗaukar irin wannan sakamako a matsayin manuniya kawai, har sai gwajin asibiti ya tabbatar da shi.