Hanyar Jami'a Daga Aji Huɗu Take Farawa

Malamai, ƙofar jami'a a Nijeriya tana hannun JAMB, watau hukumar da aka kafa cikin 1978. Darussa 4 ake rubutawa a jarrabawarta. Turanci tilas ne, sauran 3 kuwa sai sun dace da abin da yaro ke nufin karantawa. Mai son zama likita, alal misali, sai Bayoloji da Kimistiri da Fizis. Lalle kuma ya sami kiredit 5 a WAEC ko NECO.

To, yaron da ya yar da Kimistiri tun aji huɗu na sakandare fa? Ran cika fom ba abin da za ku iya yi masa. Don haka ku zauna da su tun ba su zaɓi darussa ba. Ku gaya musu kuma, mai takardar NCE yana iya neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye.