Lantarki Hanya Yake Nema: Kada Jikinka Ya Zame Masa Gada

A daren 20 ga Afrilun 2017, jama'a sun cika wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba suna kallon wasan Manchester United da Anderlecht, sai babbar wayar wuta ta tsinke ta faɗo kan rufin kwano. Aƙalla mutum bakwai suka rasu. Kwanon ne ya kai musu wutar har inda suke zaune.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, lantarki kullum hanyar shiga ƙasa yake nema, kuma ba kowane abu ne ke ba shi hanya ba. Ƙarafa su ne manyan titunansa. Azurfa ce kan gaba, sai jan ƙarfe, sai zinariya, sannan alminiyum, wanda ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka. Tsadar azurfa ce ta sa ake wayar gida da jan ƙarfe. Roba, gilashi, tangaran da busasshen katako kuwa tare shi suke yi. Ɗaga kai ka dubi falwaya: waɗannan 'yan fayafayan tangaran da waya ke rataye a jikinsu, su ne ke hana wuta gangarowa.

To, ina matsayin jikin ɗan Adam? Fiye da rabinsa ruwa ne mai gishiri, wato hanya ce sambal. Busasshiyar fata ce kaɗai 'yar katangar da ke tsakani, kuma da ta jiƙe da ruwa ko gumi, ƙarfinta ya zube. Wutar gidajenmu mai ƙarfin bolt 230 ta isa ta rikita bugun zuciya cikin daƙiƙu. Tsuntsu na sauka kan waya lafiya ne domin bai taɓa ƙasa ba, bai kuma haɗa waya biyu ba. Kai kuwa a ƙasa kake tsaye.

A nan damina ke yi mana ba-zata. Tataccen ruwa ba ya ɗaukar wuta sosai, amma wa ke da shi a gida? Na rijiya, na famfo da na kwata duk akwai gishiri da ma'adinai a ciki. Sandar da ke tare wuta da rani, in ta sha ruwa ta zama hanya. Haka ɗanyen reshe, jiƙaƙƙen bango da damshin siminti.

Dubi uwargida da asuba: ta tsoma hita a bokitin ƙarfe, ƙafa ba takalmi, tsakar gida a jiƙe, sai ta sa yatsa ta ji ko ruwa ya yi zafi. Ta haɗa wa wuta hanya tun daga soket har ƙasa. A cire filogi tukuna, sannan a taɓa ruwa. Irin wannan haɗarin ne ke kan mai ɗaure wayar shanya a jikin falwaya ko ƙusar rufin kwano, da mai ɗaga doguwar rodi ko bututun eriya a ƙarƙashin babban layi. Layin bolt 11,000 ko 33,000 ba sai an taɓa shi ba, wutarsa na iya tsallako iska.

Wajen sayen waya ma a buɗe ido, domin araha ba ta ado. Akwai wadda aka yi wa wankan jan ƙarfe kawai. Kankare ta da wuƙa: in cikin fari ne, ba jan ƙarfe ba ce. In maganaɗisu ya kama ta, baƙin ƙarfe ne. Irin wannan wayar zafi take yi, robar ta narke, gobara ta tashi cikin silin.

In wuta ta kama mutum, kada tausayi ya sa ka cafke shi, sai a yi asarar biyu. Kashe wutar daga babban makunni. In ba hali, tsaya kan busasshen wuri da takalmin roba, ka ture shi da busasshiyar sanda. Wannan dabarar ta wutar gida ce kawai. In babbar waya ce ta faɗi, a ja baya aƙalla mita 10, a kori yara da dabbobi, a kira ma'aikatan wuta. Wanda wuta ta ja, a kai shi asibiti ko da ya miƙe yana cewa garau yake.

Mun saba cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ban da wutar lantarki, jama'a. Ita a kashe ta daga tushe, a zuba busasshen yashi. Yau ɗin nan, kafin hadari ya haɗu, a zagaya gida a duba wayoyi.